Miyar Waccan

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ita ce 'yar fari, kuma a gidanmu na Bagudo kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kallon ta ido cikin ido, ba sa zama tabarma ɗaya. In za ta ambace ta sai ta ce "waccan". In tana da magana da ita ni ake aika, ko da mu ukun muna tsakar gida. Abin yana ba ni haushi tun ina ƙarama, don ni bakina ba ya ajiya.

Amma akwai kifi. Bandar kifi ce sana'ar Inna, kuma duk ranar da aka yi miya sai ta ware tsokar tsakiya ta giwan ruwa ta cusa ƙarƙashin tuwo a kwanon Yaya. Ni auta sai kai da jela. Na yi mita har na gaji. Sai da na girma na gane wannan tsokar ita ce duk hirar da ke tsakaninsu.

Yaya ta tafi ƙasar Tailan karatun noman shinkafa, ta samu aiki can, ta daɗe. Da ta zo ganin gida ni na taro ta a Birnin Kebbi. A mota ta gaya mini ta bar cin nama da kifi da ƙwai, har nono. Ciwon ciki ne ya sa ta gaba, tsohuwar da ta ba ta hayar ɗaki ta koya mata girkin da ba abin dabba a ciki, ta samu sauƙi. Yanzu ko warin romo zuciyarta tashi take.

"Ban ce haram ba ne," in ji ta. "Jikina ne ya ƙi."

Na ce, "To Allah ya ba ki sa'a, don kin dawo inda ko wake sai an zuba masa romo."

Haka kuwa aka yi. Mai abincin farko da muka tsaya wurinta ta rantse miyarta ba nama, muka leƙa, ga ƙashi yana iyo. Ta ce ai ƙashi ne, ba nama ba. Ta biyu ta ce bari ta tsame mata, shi ke nan an rabu lafiya. Da gyaɗa da ayaba Yaya ta iso gida.

Inna ta yi shiri. An yanka kaza, an dama fura da nonon da ƙanwarta ta aiko daga ruga, ga tuwon shinkafa a kwanon da aka daɗe ba a sauko da shi ba. Yaya ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon murhu. Da Yaya ta buɗe kwano ta gutsiri gefen tuwon gaya, ta rufe. Ni na mayar da shi. Inna ta ɗaga tuwon, ga tsokar nan yadda ta ajiye ta.

"Waccan ba ta lahiya ne?"

Na yi mata bayani. Sai ta ce, "To mi taka ci?"

Yaya da kanta ta riƙa yin girkinta, da 'yan ƙulle-ƙullen da ta zo da su. Miya ce ta ruwan kwakwa, fara-fara, mai yaji da tsami, da awara da yalo a ciki. Inna takan zauna nesa tana juya kifi a kan wayar banda, ta gefen ido tana bin hannun 'yarta. Ban taɓa ganin mutum yana jin yunwar ciyar da wani ba sai a lokacin. Kwanaki na tafiya, ranar komawa na matsowa, kuma ko loma ɗaya ta hannun Inna ba ta shiga bakin Yaya ba.

Ranar kasuwar Lolo Inna ta ce in raka ta. Ta wuce rumfunan kifi ba ta tsaya ba, muka nufi wajen matan Benin da ke tsallako iyaka da kaya. Da yarensu na Dandanci ta yi cinikin. Ta sayi kwakwa da ɗanyar citta da koren barkono da lemun tsami, ni kuma na nuna mata ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasu ke sa wa shayi. Wata ta tambayi Inna ko akuya za a yi wa miya, matan suka kwashe da dariya. Na ce mata akuyar ta fi ta karatu. Inna ta ja ni gaba, ta sayi sabuwar tukunya, don duk tukwanenta sun sha kifi.

Ana gobe Yaya za ta tafi Inna ta ɗora tukunyar. Ta gurza kwakwa har ta ɗaye ɗan yatsa, ta tace, ta daka kayan yadda na faɗa mata. Da ta ɗanɗana sai ta yamutsa fuska.

"Wagga miya ba rai," in ji ta.

Na ce haka ake son ta, na tafi sallar azahar. Ashe bayan tafiyata ta daka kan kifi ɗan mitsitsi ta barbaɗa. A wurinta ba ha'inci ba ne. Ta ga abin kunya ne ta sallami 'yarta zuwa wata uwa duniya da ruwan zafi da ciyawa.

Da na kai kwanon Yaya ta buɗe, fuskarta ta yi haske. "Inna ce ta yi?" Na ce ita ce. Ta kai cokali baki, sai ta tsaya. Ta haɗiye da ƙyar, ta ƙara wani, sai ta tashi da gudu ta yi bayan ɗaki. Gidanmu ba girma gare shi ba, Inna ta ji komai.

Raina ya ɓaci, na bi su da faɗa su biyun. Na ce wa Yaya da ta daure, na ce wa Inna ba na hana ki ba? Inna tana wanke sabuwar tukunyar ta ce, "Ai ba a ganin shi. Don ta ji gida ne." Da safe Yaya ta durƙusa ta yi sallama, Inna ta juya wajen bango ta ce in gaya wa waccan Allah ya kiyaye hanya.

Na ɗauka an gama ke nan. Sai na ga Inna ta dasa saiwar ciyawar a gindin randa, inda ruwa ke zuba. Duk zuwanta Lolo sai ta dawo da kwakwa. Ta yi ta gwadawa ba kifi, ni ce mai ɗanɗanawa, har ta gano daddawa ce ke ba miyar rai. Wallahi ta zo ta fi ta Yaya daɗi. "Miyar waccan" take ce mata. Ta hana ni faɗa, ni kuwa na faɗa a waya. Yaya ta ce in sha Allahu tana nan zuwa bayan girbin shinkafa.

Shinkafa ba ta nuna ba zazzaɓi ya kwantar da Inna, kuma bai daɗe da ita ba. Yaya ta iso ana zaman makoki. Har yau in na tuna zuciyata ciwo take, don saura kaɗan ne.

Da mutane suka ragu na yanko ciyawar, na ɗora tukunyar, na yi miyar daidai yadda Inna ta bar ta. Na nemi Yaya ban gan ta ba, sai a ɗakin Inna, zaune kan tabarmar da ba ta taɓa zama a kai ba. Ta sauko da kwandon bandar ƙarshe da Inna ta yi, ta ɓare giwan ruwa ta tsakiya, tana ci. Zuciyarta na tashi, tana haɗiyewa, hawaye na zuba.

Na ce, "Yaya, zai tayar miki da ciki. Ga taki nan, ba kifi."

"Bar ni," in ji ta, ta sake gutsurar tsokar.

Na ajiye kwanon a gefenta na zauna. Miyar ta huce ba wanda ya buɗe ta.