Kifin Yumɓu a Kan Banda

Wata ranar Talata ce, damina ta biyu bayan da anka datse gulbi a Bakalori, ina zaune ƙofar ɗaki a ƙauyenmu na ƙasar Bakura, ina jin kukan ƙanwata Tumba yana raguwa. Ba haƙuri ta yi ba, ƙarfinta ne ke ƙarewa. Mu masunta ne kaka da kakanni, amma ruwa ya daina cika fadama, tafkuna sunka ƙafe, tarun Baba yana rataye ɓeraye na ci. Shi kuwa kwanansa huɗu da tafiya Maradun neman aikin lebura, Inna ta shiga daji ɗibar tafasa, rumbu wayam.

Kakarmu Hajiya Yalwa ta je Makka da ƙafa tun tana budurwa, ta ƙetare Bahar Maliya cikin jirgi. Ni ban yi boko ba, amma abin da na sani na teku, malamin makaranta bai fi ni ba, kuma ranar nan na koye shi. Don ta ɗauke hankalinmu daga yunwa, ta aike ni bakin tafki na haƙo yumɓu, ta kwaɓa, ta zaunar da mu. Ta gina mana wani kifi da ta ce ya kai ɗaki girma, yana feso ruwa ta tsakar ka. Ta gina mai hannu takwas, da wani falele kamar faifai mai wutsiyar bulala. Ni kuma na gina namu na gida, tarwaɗa da gaiwa. Ko ɗaya ba ta yi wa ido ba. "Kada gobe ƙiyama a ce in busa musu rai," in ji ta. Tumba ta bar kuka, tana shafa su da yatsa.

Ni na yi ɓarnar. Na so su yi ƙarfi kada su fashe, sai na jera su a kan bandar da Baba ke ƙyafe kifi, na hura wuta da kara. Tsohon man kifin da ya jiƙe cikin itacen bandar ya farka, gida ya gauraye da ƙamshi, yumɓu ya yi baƙi. Ina juyowa daga ɗebo kara na tarar da Tumba ta damƙe tarwaɗata a baki, tana tauna, dasashinta na jini. Na kama hannunta, ta cije ni. "Yaya, kifina ne!" Ta haɗiye.

Kaka, wadda ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba, ta dube ta, ta yafa zane, ta ɗauki ƙwarya ta fita. Gida uku ta shiga. Ta dawo da dawa 'yar kaɗan, ba ta haɗa ido da kowa ba. Na niƙa ina kuka, munka dama kunu, munka ɗura wa yarinyar da ludayi. Tumba ta rayu, yau har da jikoki. Kaka kuwa ba ta sake taɓa yumɓu ba har ta koma ga Allah.

Yanzu jikokina na dawowa daga makaranta da kifayen teku a takarda, ja da shuɗi, su yaran cikinsu cike, nakan gyara musu wutsiya suna dariya. Sun san tekun da ba su gani ba, amma ba su taɓa ganin fadamarmu ta cika ba. Ita ce ban san yadda zan gina musu ba.