Yadda Lamba Goma Ya Kusa Hana 'Yata Waliyyi

Saura sati uku a ɗaura wa 'yata ta fari aure, maigidana ya shigo da kwanon tuwonsa ko buɗewa ba a yi ba, ya dire shi a tsakar gida, ya ce ya fasa ba amininsa Tela waliccin yarinyar.

A layinmu na Tudun Ƙofa maza ba sa cin abinci a ɗaki. Da an idar da magariba kowa zai fito da kwanonsa ƙofar shagon Tela a yi ciyayya. Shekara ashirin da bakwai maigidana da Tela suna sa hannu a kwano ɗaya. Tela ne ya yi wa yarinyar nan huɗuba ranar da na haife ta, a ranar kuma maigidana ya ce masa in Allah ya raya ta shi zai aurar da ita. A wajenmu uba ba ya tsayawa gaban liman ya bayar da 'yarsa da bakinsa, amini ko ɗan'uwa yake wakiltawa. Tela bai haifi mace ba, huɗu ne duk maza. Kayan sallarta kuwa tun tana rarrafe shi ke ɗinkawa, bai taɓa yarda an yi masa maganar kuɗi ba.

Na ce, "Malam, me ya yi maka?"

Ya ce, "Mutumin da bai san darajar yaro mai baiwa ba, ba zan damƙa masa 'yata ba."

"Wane yaro?"

"Lamba goma."

Na zauna a kan turmi.

Su biyun ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke goyon baya, ta wani gari a Turai da ko a taswira ba za su iya nuna maka shi ba. Ƙungiyar ta sayo wani yaro ɗan shekara goma sha tara mai raba ƙwallo, shi ne lamba goman. Yadda aka yi min bayani, aikinsa kamar na mai rabon abinci ne a gidan biki, komai ta hannunsa yake bi, shi ya san wanda za a miƙa wa da wanda zai jira. To kocinsu, wani Bature mai sanƙo da ba ya rabuwa da cingam, sai ya ajiye yaron a benci, ba ya sa shi sai wasa ya kusa tashi.

Maigidana shekara talatin yana jan bas tsakanin Keffi da Abuja. Watansa uku da fara koyon tuƙi a tasha ubangidansa ya jefa masa makulli ya ce hau titi. Don haka a wajensa kocin nan mugu ne, yana kashe yaro da zama. Shi kuwa Tela, duk wanda ya zo koyon ɗinki wajensa sai ya shekara biyu yana sa maɓalli da guga kafin ya taɓa almakashi. A wajensa kocin nan waliyyin Allah ne. Wata da watanni ina jin su ta katanga, wannan ya ce koci ke yin ɗan wasa, wancan ya ce Allah ke yi koci ya ɓata. Ban damu ba, na ɗauka motsa baki ne kafin tuwo ya huce.

Ashe ranar nan maigidana ya ce wa Tela shi ya sa masu koyon ɗinkinsa duk suke gudu acaɓa kafin su iya yanka wando. Tela ya ajiye loma ya ce, "Direba, da ubangidanka ya ajiye ka a benci, da ba ka kwantar da mota cike da doya a kwanar Panda ba."

Wannan magana ba a yin ta a gidanmu. Ba wanda ya mutu, doya ce ta watse sai haƙorinsa na gaba ɗaya, amma ko 'ya'yansa sun san ba a ambaton Panda in yana kusa.

Maigidana ya ce ƙaninsa na Lafiya zai yi waliccin, mutumin da rabonsa da yarinyar tun yaye. Ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce, "Umma, in ba Baba Tela ba, a ɗaga auren." Ga dangin miji sun gama shiri, ga katin gayyata an raba.

Na je shagon Tela. Na same shi da allura a baki, yadin babbar rigar maigidana ta biki a yanke a kan tebur, ba a ɗinka ba. Na ce, "Baban yara, ku manya ne fa." Ya cire allurar ya ce, "Ki gaya masa yaro sai an bar shi ya nuna." Na ce mangwaro ne? Ya mayar da allurarsa.

Na aika wa limamin layinmu ko zai sa baki. Ashe shi ɗan wata ƙungiyar ce abokiyar gabarsu. Aka ce min da ya ji labari sai da ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce a yi ta addu'a.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai wasa. Na zura babban hijabina na nufi gidan kallo. Mai gidan wani ɗan ƙabilar Mada ne, Kirista, malamin firamare, mutumin kirki. Ya tare ni a ƙofa ya ce, "Mama, wa kike nema?" Na ce, "Kallo na zo, nawa ne?" Na sa masa kuɗi a hannu na wuce.

Ɗakin kwano ne, janareto na ta kuka a baya, ga zafi, ga warin hammata da na takalmi, kai ka ce a nan ake haɗa shi a kai kasuwa. Maza sun fi hamsin. Maigidana na wannan ƙarshen bencin gaba, Tela na wancan, tsakaninsu fili ne na mutum uku, kowa ya ƙi zama. Na zauna a tsakiya na gyara zanina.

Maigidana ya sunkuyo, muryarsa kamar ta mai ciwon haƙori. "Ke, me kike yi a nan?"

Ban rage murya ba. "Na zo ganin yaron da ya fi maka 'yarka."

Duk ɗakin aka juyo ana kallonmu, Baturen cikin talabijin na ta surutunsa.

Na nuna mai sanƙon na ce, "Wannan ne kocin? Ya san Tudun Ƙofa? Ya aiko da gudummawar biki?" Wani daga baya ya ce, "Mama, yana hanya, go-silo ne ya riƙe shi a Mararaba!" Aka fashe da dariya. Can sai aka hasko yaron a benci, ya dunƙule cikin rigar sanyi yana hamma, yatsa a hanci.

"Shi ne wannan? Mai haƙar hancin?"

Tela ya ce a hankali, "Haba matar ƙanina, ki rufa mana asiri."

Da aka tafi hutun rabin lokaci na miƙe na fuskanci jama'a. Na ce daga yau duk Asabar ina nan. Sati mai zuwa da matar Tela zan zo, na gaba kuma da matan layin gaba ɗaya da tandar masa, har sai 'yata ta san waliyyinta. Samari suka yi ta tafi. Mai gidan kallo ya ce shi dai in da masa ba shi da ja. Maigidana ya cire hula ya share gumi ya mayar da ita a karkace.

Aka dawo wasa. Can wajen ƙarshe wani ya ɗaga allo a bakin fili. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma lamba ba ta ba ni wahala, na riga kowa na ce, "Goma!" Ashe yaron za a sa. Maigidana ya yi tsalle ya manta da ciwon gwiwarsa.

Ƙwallon farko da ta zo ƙafar yaron, ya zura ta tsakanin mutum uku kamar zare a kafar allura. Ni da ban san komai ba sai da na ce kai. Ta gaba ya ɓarar. Ba a yi minti biyu ba ta sake zuwa masa, ya tsaya yanga, aka ƙwace, aka ruga aka jefa musu a raga.

Su biyun suka juyo a tare, ta kan fuskata.

"Ka gani ko!"

"Kai ka gani! Da tun farko ake sa shi, da ƙafarsa ta yi zafi!"

"Ɗanye ne, Direba, ɗanye shakaf!"

Kwana tara ba su ce wa juna ko sannu ba, yau ga shi suna yi min ruwan yawu. Na sa hijabi na goge kumatu, na ɗaga hannu tsakaninsu.

"Tunda baki ya buɗe, Malam, ga shaidu sun fi na masallaci yawa. Wa zai bayar da 'yarka?"

Ya kalli talabijin. Ya kalli rufin kwano. Ya kalli ƙofa, ya ga ba hanya, samari sun cika ta.

"Wa kuwa," ya ce, "in ba wannan jahilin ƙwallon ba."

Tela bai kalle shi ba. Ya sa bayan hannu ya murje ido ya ce hayaƙin janareto ne. Sannan ya ce, "Gobe ka zo a sake gwada maka wuyan riga. Ka ƙara tumbi."

Ban jira an tashi ba. Na fito na shaƙi iska kamar wadda aka ciro daga rijiya. Kafin na kai gida labari ya riga ni, mata sai leƙe suke ta katanga. Yarinyar na tsaye a zaure, ta riƙe bakin mayafinta.

"Umma, ya aka yi?"

Na ce, "An ci su ɗaya. Babanki Tela ne zai bayar da ke. Maza ɗora min ruwan wanka, ki haɗo da sabulun wanki."