Ranar da Na Sa Aka Yi Kukan Mai Rai

Ko tsufa ya share mini komai daga kai, akwai rana ɗaya da ba za ta goge ba. Ita ce ranar da na sa gidanmu ya yi kukan mutumin da yake raye, saboda wani hoto da na ɗauka da hannuna a bakin iyakar Jibiya.

Ƙanena fataucin wake yake yi zuwa Maraɗi. In ya ƙetara layinsa na Najeriya ba ya shiga, kuma mun saba da haka. Amma a wannan tafiyar ya daɗe fiye da kullum. Ni kuwa ina da teburin goro kusa da tashar motocin Nijar, duk direban da ya fito sai na tambaye shi ko ya gan shi.

Da hantsi wani direba ya tsaya sayen goro, yake ba da labarin motar da ta kife tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi. Ya ce mutum ɗaya ya rasu, ba takarda a jikinsa, jandarmomi sun kai gawar asibiti, ana yawo da hotonsa ko za a dace. In dangi ba su zo ba zuwa la'asar, a can za a yi masa sutura. Ya miƙo mini wayarsa. Na ga fuska da ɗan gemu, da riga ruwan ƙasa irin ta ƙanena. Hoton duk ya dushe, don shi ma turo masa aka yi, wanda ya turo masa ma daga wani ya samu.

Direban ya ce in dakata ya nemo wanda ya ɗauki hoton tun farko, ban saurare shi ba. Na ɗora wayata a kan fuskar wayarsa, rana tana dukan gilashin, na ɗauki hoton hoto. Na tura wa dangi, na bi shi da muryata cewa ƙanena ne, Allah ya yi masa rasuwa. Ni ne babba a gidan, ba a saba musa mini ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin girma, ban san hatsarin da ke cikinsa ba.

Kafin in isa gida an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, 'yan'uwa daga Riko sun kamo hanya. An gaya wa mahaifiyarmu, tsohuwa mai hawan jini, ta zauna ko hawaye babu. Mata sun fara cewa a cire wa matarsa 'yan kunne da awarwaro ta shiga takaba.

Matar ƙanen nawa atamfa take sayarwa ta waya. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ran nan ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Wanga hoto ko atamfa ce a ciki ban iya faɗin kalarta, balle fuskar mijina. Ban shiga takaba sai na ga na asali."

Raina ya ɓaci, na tambaye ta ko ni ne ban san ɗan'uwana ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce waya tana matse hoto don ya yi saurin tafiya, kowace turawa sai ya rasa wani abu, kuma masu saye sun sha dawo mata da kaya a kan haka. Shi ya sa take tura nata a matsayin fayil, yadda ake tura takarda, ya isa yadda aka ɗauke shi.

Muka koma bakin iyaka tare, don in shi ne mu ƙetara nan take. Direban yana lodi. Daga wannan lamba zuwa waccan har aka kai ga wani mai faci da ke kusa da inda motar ta kife, shi ya ɗauki hoton. Bai san yadda ake turawa haka ba, ita ta riƙa gaya masa inda zai taɓa. Sai hoton ya ƙi buɗewa, don sabis a wurin nan ba ya tsayawa. 'Yar da'irar nan tana juyawa, aka kira azahar, na yi salla ban san abin da na karanta ba. Na dawo tana nan tana juyawa. Ina tsoron ya buɗe, ina tsoron a binne ɗan'uwana ba ni a wurin.

Da ya buɗe, ta sa yatsu biyu ta faɗaɗa fuskar. Ga zanen Gobirawa nan a kumatu, daga gefen baki har kunne. Mu ba a yi mana zane ba. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Allah ya jiƙan bawan Allah. Ba shi ba ne."

Na zauna a ƙasa. Wannan hoton mai kyau muka tura wa direbobi yadda ta nuna, daga baya na ji dangin mamacin sun gane shi. Ƙanena ya dawo lafiya, ashe mota ce ta lalace masa. Amma mahaifiyarmu, tun faɗuwar gaban ran nan hannunta na dama bai sake ɗaukar kofi ba har ta koma ga Allah. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar, hoton da zan yanke hukunci a kansa sai ya fito daga wayar da ta ɗauke shi, a matsayin fayil. In ban gani sarai ba, nakan ce ban sani ba. Na gane cewa wanda ake yarda da maganarsa shi ya fi kowa buƙatar ya dakata kafin ya buɗe baki.