Shekarar da Aka Ɗaga Motata

Sana'ata sayen waken soya da doya a ƙauyukan Djougou, in kai Parakou in sayar. A Parakou nake aure, a unguwar Banikanni, amma gidanmu yana Djougou, tsohon gidan da kakanninmu fataken goro suka bari. Da farko motar haya nake bi. Daga baya na sayi tsohuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, na koyi tuƙi, na fara shiga daji da kaina.

Da rani ba ta ba ni wahala. Amma in damina ta kankama, manyan motocin kaya sukan yi wa hanyar Kolokondé dogayen ramuka biyu, tsakiya ta zama tudu. Ƙafafun motata su faɗa ramukan, cikinta ya hau tudun, ta zauna daram tayoyi na juyawa a banza. Haka ta yi mini a wani kwari kafin a shiga garin, sai da masu dawowa daga gona suka haƙe ƙarƙashinta da fartanya. Ina komawa Parakou na kai ta garaji.

Bakanikena dattijo ne, ɗan ƙabilar Bariba, mai Hausar kasuwa gauraye da Faransanci. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga inda ƙasa ta goge ƙarfe har yana ƙyalli.

"Hajiya, sai a ɗaga ta, a sa mata taya mai girma," ya ce. "Ɗagawar ce za ta ba babbar taya wurin zama. Amma mota in ta yi sama, a kwana takan rinjaya. Saboda haka sai mun yi maganar janti."

Ya jingina janti biyu a bango, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. A idona iri ɗaya ne. Ya nuna mini farantin tsakiya, inda ake ɗaure kusoshi. A na farko farantin yana kusa da fuska, taya takan shige cikin jikin mota. A na biyu farantin ya nutse ciki, shi kuma tura taya yake waje, ƙafafun mota su buɗe. Ya ce da Faransanci déport ake kiran wannan bambanci.

"Na farko, in kika murɗa sitiyari har ƙarshe, babbar taya za ta iya gogar ƙarfe ta ciki. Na biyu ba ya goga, mota kuma takan tsaya da kyau, amma yana watsa taɓo, yana gajiyar da rulma, wato boris ɗin da taya ke juyawa a kai."

Na ce, "In taka ce, wanne za ka sa?"

Ya ce, "Ni babur nake hawa, Hajiya."

Na ga ba zai zaɓar mini ba, na tafi gida. Maigidana ya ce in bar mota yadda kamfani ya ƙera ta, in daina shiga Kolokondé da damina. Yayana, wanda ke zaune a gidanmu na Djougou yana sayar da atamfa, ya ce a ɗaga ta taƙi guda. Bai taɓa tuƙi a daji ba, amma yana son motoci, ya yi ta turo mini hotunan wasu masu tsayi kamar rumbu.

Na tsaya a kan a ɗaga ta yatsa uku, na ɗauki jantin da ke tura taya waje. Dalilina ɗaya ne: buhuna nake lodawa har su wuce kan mota, kuma rinjaya a kwana ta fi taɓo ba ni tsoro. Aka canja reso da amotisa a gaba, wato ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota suna shanye girgiza, aka ƙara ƙarfe a reson baya. Ranar da na karɓe ta, na ratsa Banikanni ina kallon tsakar kan 'yan zem, masu babur na haya, daga sama.

A makon na tafi Djougou. Ƙofar da aka fasa wa mota a katangar gidanmu ƙunci gare ta, tayoyin suka wuce da ƙyar. Yaya ya zagaya motar, ya ce ba ta ɗagu ba.

Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a baranda tana jinmu. Tana da wata ƙawa a Kolokondé, 'yar ƙabilar Yom, wadda suka yi zaman kasuwar Djougou tare tun suna da ƙuruciya, Inna na sayar da goro, ita man kaɗanya. Sun yi shekaru ba su ga juna ba. Ƙawar ta daina fita, Inna kuma gwiwoyinta ba sa barin ta hau babur.

Ta ce, "Tunda yanzu motar taki ba ta maƙalewa, gobe ki kai ni."

Da safe ta shirya, ta yafa farin mayafi, ta zo bakin ƙofar motar. Ta dafa kujera, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sake gwadawa. A da takan shiga motar nan da ɗan taimako kaɗan. Duk shawarwarin da muka yi a garaji da waya, babu wanda ya kawo zancen hawa.

"Inna, bari in ɗaga ki," in ji Yaya.

"Kada ka taɓa ni. Ni ba buhun soya ba ce."

Matar Yaya ta kawo kujera 'yar tsuguno, ta yi gajarta. Sai ta mirgino turmi ta kife shi, ta ajiye kujerar a gabansa. Inna ta taka kujera, ta taka turmi, ta riƙe kafaɗata, ta shiga ta zauna, ta gyara mayafinta. Aka ɗora turmi da kujera a baya saboda sauka, tare da goro da sabulun da za ta kai.

An yi ruwa kafin asuba, hanya ta jiƙe sosai. Da muka iso kwarin na rage gudu, na sa ƙaramin giya, na saurara. Ban ji komai ya taɓa ƙarƙashi ba, muka haura. Amma Inna ba ta son sanyin mota, gilashinta a buɗe yake, tayar gaba kuwa ta fito waje. Jan taɓo ya taso ya sauka a hannunta da gefen mayafinta. Ta duba wurin, ta ɗaga gilashi a hankali.

"Haka take yi kullum?"

"Yau na fara shiga taɓo da ita, Inna."

Muka ci gaba har muka isa garin.

Gidan ƙawar yana bayan gari, hanyarsa ta ratsa gonar doya. Hanyar babur da amalanke ce. Na shiga a hankali, duk da haka tayoyin suka riƙa zaftare gefen tudun doyar dama da hagu. Wani magidanci ya ɗago daga cikin gonar ya tsaya yana kallo. Na tsaya, na sauko, na ba shi haƙuri da Dandanci, yaren kasuwar Djougou. Ya duba tudun da suka rushe, ya duba motar, ya tambayi wurin wa muka zo. Da na faɗa masa ya ce mahaifiyarsa ce. Ya ce in bar motar a nan, gidan ba nisa. Shi ya sauko da turmin ya kife, ya juya baya har Inna ta sauka.

Mun sami tsohuwar a kan tabarma a gindin mangwaro. Idonta ya yi rauni, da murya ta gane Inna. Ba su yi wata hayaniya ba. Inna ta zauna kusa da ita, suka riƙe hannu, suka shiga tambayar juna mutanen da, da Dandanci. Tsohuwar ta shafa mayafin, ta ji busasshen taɓo, ta tambaya ko faɗuwa Inna ta yi. Inna ta ce a'a, motar 'yarta ce. Na bar su na tafi awon soya. Da na dawo an daka sakwara, muka ci. Bayan la'asar na fito da motar da baya-baya, magidancin yana nuna mini hannu, muka koma Djougou.

Da na dawo Parakou na faɗa wa bakanike abin da ya faru. Ya yanko roba daga tsohuwar taya ya ƙara wa bakin jikin motar a saman kowace ƙafa, taɓon ya ragu. Mai walda na kusa da shi ya yi mataki a ƙofar fasinja. Matakin ya cinye wani abu daga tsayin da na nema, yakan bugi tudu ya lanƙwashe, a miƙe shi da guduma. Rulmar gaba kuwa ta fara kuka kafin damina ta zagayo, aka canja ta. Jantin ban canja ba.

Da rani ya shigo na fara saye a wajen Sérou. Can jar ƙasar a bushe take, ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi. Sai na gane ƙarfen da aka ƙara a baya ya sa motar ta yi tauri: in da kaya lafiya lau take tafiya, in babu sai bayanta ya yi ta tsalle yana neman kauce hanya. Yanzu in zan fita ba kaya nakan ɗora buhunan yashi a kan ƙafafun baya, in na isa ƙauye in sauke su a gindin bishiya, in loda soya.