Teburin Sallar Gwaggo Ladi

Ƙarar cokali a jikin kofin gilashi, ƙil-ƙil-ƙil, sau uku. Duk wanda ya taɓa yin Sallah a gidanmu a Arlit ya san ma'anarta: Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, ta gama ƙawata tebur, kuma ba mai zama sai ta nuna masa kujerarsa. Shekara tara muna cin abincin Sallah a teburin nan. Har yau ban sani ba ko shi ne ya kashe ta.

Kun san ta daɗe tana dafa wa wani injiniya Bature abinci a gidajen kamfani, can ta koyo wannan tsari. Da ta bar aiki sai ta sa maƙeri ya yanko mata faffaɗan ƙarfe daga tarkacen da ake fitarwa daga wurin haƙar ma'adinin uraniyom, ya yi masa ƙafafu. Rabin garin da irin ƙarfen nan ake rufin ɗaki da ƙera tukwane, ba wanda ya ga abin tsoro.

Mu da muka saba zagaye tire a tabarma, sai ga mu a kan kujeru, kowa da farantinsa, cokali mai yatsu a hagu. Mijina Malam Isa ya taɓa kai hannu cikin miya, ta ɗaga masa gira.

"Gwaggo, ci da hannu sunna ce fa."

"Wanke hannun ma sunna ce, Malam. Ban ga ka yi ba."

Shekarar da tawayen Abzinawa ya dawo, hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soji, lemo da tumatir suka ɓace a kasuwa. Na ce bana mu haƙura da ado. Ta dube ni kamar na ce a fasa zuwa Idi. Ta saro reshen aduwa ta kafa a gwangwanin madara, ta soka dabino a kowace ƙaya. Ta yayyanka tsohon zanenta shuɗi, ta naɗe wa kowane faranti ƙyalle kamar rawanin Abzinawa. Malam Isa ya ce ga sojoji suna bincike gida-gida, za su zo su kama ƴan tawaye shida a teburinmu. Ta ce in sun zo su ma su wanke hannu.

A lokacin tari ya riga ya kama ta, tana ɓoye shi da cewa yaji ne.

Bayan nan wasu mutane suka shigo unguwa da na'urar auna guba a ƙarafa. A ƙofar gida ta ɗan yi ƙara, da suka kai ta jikin tebur sai ta riƙa kuka ba tsayawa. Suka ce dole su tafi da shi. Gwaggo ta hau kai ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Shekara tara bai taɓa kuka ba, sai da kuka zo."

Ta dafa musu shayi ta jera a kansa, suka ƙi sha, ta ce ba su da tarbiyya. Na roƙe ta har da hawaye, ta ce to, bayan babbar Sallah, don ta riga ta tsara adon bana. Ba ta ga Sallar ba. Likita ya ce huhu ne, bai ƙara komai ba. Kwana uku da binne ta suka zo suka ɗauke tebur.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya yafe mana abin da ba mu sani ba.

Ranar Sallah muka koma tabarma, na zauna ina juya abinci ban ci ba. Ƴata Hauwa, mai shekara bakwai, ta ji duk abin da masu na'ura suka faɗa. Ta matso ta dafa gwiwata.

"Mama, kar ki damu da ni. Ni ba a kansa nake ci ba, ƙarƙashinsa kawai nake kwanciya in ana zafi."