Mutumin da Aka Cire wa Haƙora Arba'in da Ɗaya

Rhoda George ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Amma shekara ashirin da biyu ke nan babu haƙorin da aka cire ko aka cike a wani ƙaramin asibitin haƙori da ke Sabon Garin Kano ba tare da ya bi ta teburinta ba. Aikinta shi ne idan likita ya gama rubuta abin da ya gani a bakin mutum, ta mayar da bayanin lamba. Akwai wani kundi na duniya da ya ba kowace cuta lambarta. Ramin haƙori K02 ne. Haƙorin da ya goge saboda yawan cizon wani abu K03.1. Wanda aka cire kuwa K08.1. Rhoda ta haddace su kamar sunayen 'yan gidansu.

'Yar Wusasa ta Zariya ce, mahaifinta malamin firamare. Ta so zama nas, sai ta suma ranar farko da ta ga ana ɗinke rauni, aka mayar da ita ɗakin fayil. Takan ce nan ne Allah Ya nufe ta da shi, tunda takarda ba ta zubar da jini.

Na san ta ne bayan na dawo daga karatu a waje, lokacin da asibitin ya ɗauke ni in taya ta kwashe tsofaffin fayil zuwa kwamfuta. Mako biyu muna aiki lafiya, sai kwamfuta ta ƙi karɓar wani fayil mai kauri, na wani Goni Modu, mai sayar da huluna a Fagge.

"Anti Rhoda," na ce, "haƙora nawa babban mutum yake da su?"

"Talatin da biyu. Ba a koya muku a can ba?"

"To wannan an cire masa arba'in da ɗaya. Turmi guda ma sau uku aka cire shi. Kuma shekara shida da suka wuce dasashinsa ya kumbura saboda yana da juna biyu."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce katin Baba Goni ai katin unguwa ne. Duk wanda haƙori ya hana barci a layinsu, gidansa yake zuwa ya karɓa, don kada ya tsaya layin buɗe sabon fayil. Likitoci kuwa suna zuwa suna tafiya, kowanne ya ga sunan da ke kan kati ya rubuta abin da ya gani. Ta sha yin magana, ana ce mata a bari sai an samu lokaci.

Lokacin ya zo da kansa ranar wata Talata. Wani tsoho dogo ya shigo riƙe da kunci, 'yarsa Falmata na biye da shi. Baba Goni ne da kansa. Dasashinsa ya kumbura daidai kan haƙorinsa na Makka, wanda aka sa masa shekarar da ya sauke farali.

Dokta Ikechukwu ya duba, ya ce haƙorin zai iya tsira idan aka fara maganin kumburin nan da gobe, sannan a wanke saiwar. Idan aka wuce haka, sai cirewa. Sai ya buɗe fayil. A shafin farko an rubuta Z88.0, wato mai wannan kati jikinsa ba ya karɓar fenisilin. A shafuka na gaba kuma an ba mai katin fenisilin sau tara, lafiya lau.

"Baba, wanne ne kai a ciki?" in ji likita.

"Ni ban taɓa shan maganinku ba. A ba ni wanda kuka ba Abdulƙahhar tela, kwana biyu ya warke."

Likita ya ce ba zai rubuta komai da ka ba, sai an gano mai shafin farkon nan. Ya ba shi na rage zafi, ya ce ya dawo da safe.

Da suka fito, Rhoda ta tare shi. "Baba Goni, ka ga abin da kyauta ta jawo maka? Ka raba wa unguwa bakinka."

"Ke dai Bazazzagiya, kin samu Bakano a hannu, yau sai abin da kika ce."

"Wane Bakano? Babarbare dai. Kanon ma aronta ka yi, kamar yadda ake aron katinka."

Ya so ya yi dariya, kunci ya hana. Sai ya sassauta murya. "'Yata, kome za a cire a cire, ban da wannan. Tare da marigayiya uwar Falmata aka sa mana, ita ta zaɓa min."

Bayan la'asar Rhoda ta sa fayil a jaka, muka hau Adaidaita zuwa Fagge. Ta zauna a bencin shagon hulunan, Falmata ta shiga layi tana kiran mutane. Nan na ga abin da shekara ashirin da biyu ke koya wa mutum. Ta kalli tela, ta ce ya yi murmushi. Haƙoransa na gaba duk sun yi ɗan gurbi saboda cizon zare da riƙe allura. "K03.1, shafi na huɗu da na sha ɗaya, naka ne." Mai goron bakin titi ya karɓi shafuka uku. Turmin nan da aka cire sau uku ya rabu tsakanin wani direba, wani ladan, da Obinna mai kayan gyaran babur, wanda ya rantse cewa ranar har hula Baba Goni ya ara masa. Falmata ta karɓi shafin juna biyu tana rufe fuska da mayafi.

Kafin magariba mutum goma sha huɗu sun fito daga fayil ɗaya. Shafin farko ne kawai ya rasa mai shi. Kowa ya ce shi dai magani bai taɓa kumbura shi ba.

Rhoda ta ɗaga shafin ta juya bayansa. Rubutunta ne, na shekararta ta farko a aiki, lokacin da take ƙara bayanin da ba a tambaye ta ba. A ƙasan zanen baki ta sa alama a wani haƙori na sama, ta rubuta: "na Makka."

Duk aka juya ana kallon Baba Goni. Babu mai haƙorin Makka a benci sai shi.

Ya daɗe yana gyara wata hula a kan gwiwarsa. "To, sau ɗaya ne. Na sha ƙwaya biyu, fuskata ta zama kamar ƙwarya, kwana uku ban fita masallaci ba. Na ce ni da asibitin nan har abada. Kati kuma ga shi sabo, ai ba a yarwa."

"Au!" in ji tela. "Wato tsoro ne ya sa kake tura mu? Mu muna ta sa maka albarka!"

"Kun warke ko ba ku warke ba?"

Washegari likita ya rubuta masa wani magani dabam. Bayan mako guda kumburi ya sauka, aka wanke saiwar, haƙorin ya zauna daram. Rhoda ta buɗe sababbin fayil goma sha huɗu, ta bar na Baba Goni da shafi biyu kacal, kwamfuta ta karɓa ba musu.

Da ya zo duba na ƙarshe, ya miƙa hannu a ba shi katinsa. Ta jefa shi cikin durowa ta murɗa makulli.

"A nan zai riƙa kwana, Baba. In kana so, ka zo da bakinka."

Ya yi dariya sosai a karon nan, har zinariyar ta haska.