Ranar da mai kanti ya zauna a kujerar Sani

Na shiga babban kantin da nake sayayya a Ƙaura, sai ga mai kantin da kansa yana fama da na'urar lissafi, layi har ƙofa.

Na ce, "Alhaji, ka kori Sani mai karɓar kuɗi ne? To yau na bar zuwa nan."

Ya yi dariya. "Haba mutumina. Gero ya nuna a Zurmi, tsohonsa ba ƙarfi. In bai tahi ba, tsuntsaye su cinye. Kujerarsa nake riƙe masa."

Ni da na fara da dako a kasuwar hatsi har na zama abin da na zama, na san maigidan kirki in na gan shi. Ranar har layi na bi.

Ku fa, wane kanti kuka sani mai irin wannan hali?